Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Rahoton Jimlar Shekara



Ga ƙarshen shekara ya ƙarato, lokacin da manya za su fara leƙowa ofis suna tambayar nawa aka sayar a bana, kuma yaya yake in an gwada da na bara. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku kafin a shiga hada-hadar.

Tara lambobi ba shi ne aikinmu ba. Power BI ko Tableau ko Excel, duk wadda ka miƙa wa za ta tara maka kafin ƙiftawar ido. Inda gizo ke saƙa shi ne sanin wane kuɗi ya faɗa wace shekara. Manhaja ba ta tambaya. Abin da ka ba ta shi za ta ɗauka, ta fito maka da adadi fes-fes, ko da kuwa ba gaskiya ba ne.

Don haka kafin ka taɓa kwamfuta, je ka tambayi mai rahoton wace shekara yake nufi. Gwamnatin tarayyar Najeriya tana bin Janairu zuwa Disamba, amma ta Amurka tana buɗe shekarar kuɗinta ran 1 ga Oktoba, ta Indiya kuwa ran 1 ga Afrilu. Duk mai aiki da ƙungiyar da tallafinta ke zuwa daga waje ya ɗanɗani wannan. TOTALYTD ta Power BI, wadda ke tara jimlar shekara, tana ɗaukar 31 ga Disamba a matsayin ƙarshen shekara, sai in kai ka faɗa mata wata rana. Sannan ka tambaye shi wane kwanan wata za a bi. Dillali ya ɗauki buhunan taki bashi ran 28 ga Disamba, ya biya ran 10 ga Janairu: cinikin na bara ne, kuɗin na bana. Duka biyun gaskiya ne, amma ba sa zama a jimla ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi cin mutane. Mu muna rubuta rana, sannan wata, sannan shekara. Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa da saitinsu suke zuwa hannunmu. Idan irin wannan kwamfuta ta ga 03/04/2024, za ta karanta 4 ga Maris, alhali magatakarda 3 ga Afrilu ya rubuta. Wani zai ce ai shekarar ba ta canza ba, me ya dame ni? To, ya tsaya ya dubi 13/04/2024. Babu wata na goma sha uku, saboda haka sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai, ko ta sa masa alamar kuskure, layin ya zame daga lissafi ba sallama. Kwanaki 12 na farkon kowane wata ne kaɗai ke tsira, wato 144 cikin 365. Sauran 221 sun bi ruwa. Maganinsa shi ne ka faɗa wa manhajar salon ƙasar da aka rubuta kwanan tun lokacin shigo da bayanai, ko ka roƙi masu turo maka su riƙa rubuta 2024-04-13, wanda ba ya ruɗa kowa.

Ni ma na taɓa shan kunya. Na haɗa wa wani kamfanin sari rahoto, jimlata ta gaza ta akantansu, muka yi ta ja-in-ja har na fara zargin dattijon da sakaci. Ashe laifina ne. Na ce a tara har zuwa 31 ga Disamba, ban lura cewa bayanan suna ɗauke da awa da minti ba. A wurin na'ura, wannan rana tana nufin sha biyun daren da ya buɗe ta, don haka duk cinikin yinin ya faɗi waje. Tun daga nan nake rubuta "ƙasa da 1 ga Janairu", kuma nake yanke awa daga kwanan wata kafin in haɗa shi da teburin kalanda, wato jerin ranakun da rahoton ke bi. Shi teburin ma a tabbata ya cika, babu ranar da aka tsallake, har Lahadi da ranar Sallah.

Agogo ma yana da nasa. Rumbunan bayanai da yawa suna ajiye lokaci da UTC, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Wanda ya biya ta POS da sha biyu da rabi na daren shiga sabuwar shekara, rumbun zai jefa shi cikin bara.

Kada kuma a tara abin da ba a tarawa. Ciniki ana tara shi wata-wata, amma kayan da suka rage a sito ko ragowar kuɗin asusu, na ranar ƙarshe ake ɗauka. Wanda ya tara ragowar wata goma sha biyu ya mai da maigidansa attajirin takarda.

Af, ga masu gwada bana da bara: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. A 2030 Ramadan zai kama sau biyu, a Janairu da kuma Disamba. Mai sayar da sukari da dabino zai ga jimla ta yi tsalle, kada wani ya yi saurin cewa dabarar talla ce ta yi aiki.

Kafin ka tura rahoton, ƙirga layukan da ba su da kwanan wata, ka zauna da akanta ku gwada jimlarka da littafinsa. Sannan ka rubuta a ƙasan kanun, inda kowa zai gani, ranar da shekarar ta fara, da ranar da ta ƙare, da kwanan da ka bi: na rasit ne ko na biya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.