Kircin yara: a tambayi uwa yadda dare ya kasance

Da hunturu ya sauka ƙasar Kurfey a Nijar, ba a rasa uwa a layin asibitin Filinge goye da yaro mai kirci. Ma'aikacin lafiya zai ɗaga rigar yaron, ya duba lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ya ga fata ta yi furu-furu, ya ce, “Da sauƙi, Hajiya.” Ita kuwa ta san sati guda ke nan yaron na susa har zane ya ɓaci da jini, gidan ba wanda ya runtsa.

Dukansu gaskiya suka faɗa, ma'auninsu ne ya bambanta. Likita na bin irin ma'aunin SCORAD da masanan Turai suka fitar a 1993: faɗin wurin da ciwon ya ci, kumburi, kaurin fata da yadda ta yi ja. A nan gizo ke saƙar, domin baƙar fata ba ta nuna ja sosai, sai dai ta ƙara duhu ko ta yi toka-toka. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2002 ya nuna dogaro da jan fata na ɓoye tsananin kirci a jikin yara baƙaƙe.

Saboda haka shaidar uwa ta cancanci shiga katin asibiti. A 2004 masu bincike a Nottingham suka fitar da POEM, tambayoyi 7 kan satin da ya wuce: kwana nawa aka yi ƙaiƙayi, dare nawa barci ya gagara, fatar ta yi jini, ta tsage, ta fitar da ruwa? Makin daga 0 ne zuwa 28, kuma ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Majo, wato ma'aikacin lafiya, a Shikal ko Bonkuku zai iya yinsa da Hausa ko Zabarmanci, maimakon a tura kowa Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, inda likitocin fata suka fi yawa.

Iyaye ma suna kuskuren awo. Wasu kan ɗauka ƙazuwa ce, wasu su sayi man shafawa wajen 'yan talla, wanda sau da yawa ke ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin clobetasol. Ƙaiƙayin ya lafa, a ce an warke, alhali yawan shafa shi na sa fatar jariri ta yi sirara.

Abin da bai kamata ya kwana a gida ba shi ne mugunya, ɓawo mai launin zuma, ko zazzaɓi, don alamun ƙwayar cuta ta shiga ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kafin a je asibiti, uwa ta ƙirga dararen da yaron ya yi yana susa, ta ci gaba da shafa masa man kaɗanya ko basilin da zarar an gama wanka, ta kuma tafi da duk man da ta taɓa shafa masa, majo ya gani da idonsa.