Ciyawar Filin Golf Da Ruwan Manoman Wudil

Tun zamanin Turawa, filayen wasan golf na Arewa, har da na Bompai a Kano, ba su dogara da ciyawa ba. Rairayi ake shimfiɗawa a kewayen ramin ƙwallo, a gauraya shi da baƙin mai domin ya kwanta. Wannan dabara ta tsimin ruwa ce, amma man yana lalata ƙasa. Saboda haka masu son a koma shuka ciyawa irin ta Ingila suna da hujja.

To, amma da wane ruwa? Damina a Kano ba ta wuce wata biyar, ciyawa kuwa sai an shayar da ita duk rani. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga cikin 1974, da na Challawa, wanda aka datse cikin 1992, su ne ke shayar da birni. Abin da ya rage ne ke gangarawa Wudil, ƙasar da Dagumawa take, inda masu noman rani da masunta ke jiransa. Duk tulun da aka zuba wa ciyawar wasa daga waɗannan koguna, daga rabonsu aka ɗebo shi.

Ya kamata hukuma ta gindaya sharaɗi: kada a shayar da filin wasa sai da ruwan kwata da aka tace, a daina zuba baƙin mai, a kuma yawaita dashen darbejiya da gawo. Abinci yana gaba da nishaɗi.