Iya ruwa fid da kai

Ranar jajiberen salla, a garuruwa da dama na ƙasar Hausa, mahauta sukan yi wani wasa da ake kira hawan ƙaho. Sarkin fawa ya sa a zaɓo bijimi ƙosasshe, mafaɗaci. A ɗaura masa igiya biyu, ɗaya a ka, ɗaya a ƙafar baya. Ƙarfafan samari su riƙe igiyoyin, a zagaya gari da shi, masu kalangu suna biye. In an isa fili, sai makaɗi ya shiga kiran wani saurayi, yana ambaton ubansa da kakansa. Saurayin ya fito, ya yi kirari, ya tunkari sa. Ya faɗa tsakanin ƙahoni, ya rungume wuya. Sa ya yi ta girgiza kai, yana neman ya yar da shi. Mata suna guɗa, yara suna ihu.

In ya sauka lafiya, ranar nan babu kamarsa a garin. In kuwa ya kuskure da taki ɗaya, ƙaho yana iya shiga cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jan sa na Bororo a kasuwar dabbobi ta Madawa ko ta Buza, ya san tsawon ƙahon nan da tsininsa.

Me ke sa mutum da hankalinsa ya kai kansa bakin mutuwa, alhali babu wanda ya tilasta shi? Wannan hali ba na mahauta kaɗai ba ne. Akwai shi ko'ina cikin duniya.

Rigar fukafukai

A Turai da Amurka akwai masu wani wasa da ya fi hawan ƙaho haɗari. Suna sa wata riga ta yadi mai ƙarfi. An ɗinka ƙyalle tsakanin hannu da haƙarƙari, an ɗinka wani tsakanin ƙafafu. In mutum ya buɗe hannuwa da ƙafafu, sai ya zama kamar jemage. Ya hau dutse mai tsawon gaske, ko ya shiga jirgin sama, sa'an nan ya diro. Iska ta cika rigar, ta tallafe shi.

Ba tashi yake yi kamar tsuntsu ba. Faɗuwa yake yi a karkace: in ya sauko mita ɗaya, ya yi gaba kamar mita uku. Gudunsa yakan kai kilomita 160 cikin awa guda, har ma ya fi. Kusan nisan Madawa da Maraɗi ke nan. In aka yi lissafi, cikin sakan ɗaya yana cin mita 44. Rigar ba ta iya sauke shi ƙasa lafiya. Tilas ya buɗe laimar da ke goye a bayansa tun da sauran nisa.

Waɗansu ba su gamsu da sararin sama ba. Sun fi son su bi jikin dutse, su ratsa tsakanin itatuwa, su wuce ta bakin kwazazzabo. Mai irin wannan gudu, in ya hango dutse a gabansa, ba shi da birki, ba ya kuma iya komawa baya.

Wasan ya ci rayuka tun daga tushensa. Ranar 4 ga Fabrairu 1912, wani tela mai suna Franz Reichelt ya hau hasumiyar Eiffel a birnin Paris. Ya ɗinka wata riga da yake zaton za ta buɗe kamar laima. Abokansa suka roƙe shi ya gwada ta da mutum-mutumi, ya ƙi. Jama'a sun taru, masu ɗaukar hoton silima sun kafa kayan aikinsu. Ya tsaya a baki yana jinkiri, sa'an nan ya diro daga mita 57, wato fiye da gaba 30. Rigar ba ta riƙe shi ba. Nan take ya mutu.

Wani Bafaranshe, Patrick de Gayardon, shi ne ya kyautata rigar fukafukai a shekarun 1990. Ya mutu a 1998 a tsibirin Hawai, ranar da laimarsa ta ƙi buɗewa daidai. Dean Potter, gwanin hawan duwatsu na Amurka, ya mutu a 2015 shi da abokinsa, suna ƙoƙarin wucewa ta wata tsaga a jikin dutse. Uli Emanuele, ɗan Italiya, ya taɓa ratsa wani rami mai faɗin kamar mita biyu cikin wani dutse na ƙasar Suwis. Miliyoyin mutane sun kalli hoton. A watan Agusta 2016 ya mutu a duwatsun Suwis ɗin. A shekarar nan ce magajin garin Shamoni, a Faransa, ya dakatar da wasan a duwatsun garinsa, bayan wani ya faɗa kan wani gini ya mutu.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan ba ƴan koyo ba ne. Su ne gwanayen.

Daɗin da ke ciki

Ƙarya ce a ce babu daɗi cikin irin wannan wasa. Da babu, da ba wanda zai yi shi. In mutum ya tsorata, waɗansu ƴan ƙulle-ƙulle da ke bisa ƙodarsa sukan zuba wani ruwa cikin jini, ana kiransa adiranalin. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, ƙarfi ya zo. In haɗarin ya wuce, sai ya ji wani irin sanyi da farin ciki. Yaron da ya taɓa tsere wa kare ya san wannan daɗin.

Amma jiki yakan saba. Abin da ya ba mutum tsoro jiya, yau ba ya ba shi. Sai ya ƙara matsawa kusa da dutse, ko ya nemi sa da ya fi na bara faɗa. Kullum yana ƙari, har ranar da ba sauran wurin ƙari.

Akwai kuma wani daɗi da ya fi wannan ƙarfi, shi ne idon jama'a. Ɗan fawa ba ya hawan ƙaho da tsakad dare shi kaɗai a turke. Sai an taru, sai kalangu ya kira shi, sai ƴan mata suna kallo. Telan Paris ma, wa ya sani ko da ya fasa, in da babu taro a ƙasa? Kalangun zamani shi ne salula. Masu rigar fukafukai sukan ɗaura na'urar ɗaukar hoto a hularsu. Wanda hotonsa ya fi ban tsoro, shi ya fi samun masu kallo a intanet, shi kuma kamfanoni suka fi ba kuɗi. Saboda haka mai tafi da mai zuga suna da hannu cikin abin da ya biyo baya.

Masu cewa a bar su

Waɗansu suna cewa: "Ai ransa ne, ina ruwan wani?" Wannan magana ba ta tsaya ba. Rai amana ne. Ban da haka, babu mutumin da yake shi kaɗai. In saurayi ya karye da damina, wa zai nome gonar tsohonsa? In ya kwanta gidan likita, akuyar uwarsa ce za a kai kasuwa, ko a sayar da buhun albasa tun bai yi daraja ba.

Waɗansu kuma su ce: "Ajali ne. In kwana ya ƙare, ko a kan tabarma sai a mutu." Gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka da kansa yakan kakkaɓe takalminsa da safe don kunama, yakan kuma ɗaure raƙuminsa kafin ya kwanta.

Magana ta uku ta fi nauyi. Suna cewa ƙasar da samarinta matsorata ne ba ta ci gaba. Wannan gaskiya ce. Ana bukatar masu ƙarfin zuciya. Sai dai akwai jarunta, akwai ganganci, kuma ba ɗaya suke ba.

Igiya

A dubi mai haƙar rijiya a ƙasar Adar, inda ruwa yake da nisa. Yana sauka gaba da yawa cikin duhu. Ƙasa tana iya rufta masa, iska tana iya yi masa kaɗan. Amma ba ya sauka sai ya duba igiyarsa, sai kuma ya bar amintattu a bakin rijiya. In ya fito, gari ya sha ruwa. Wannan shi ne jarumi.

A dubi kokawa. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Wasa ne na ƙarfi da zuciya, amma ana yin sa a kan rairayi, akwai alƙali, akwai doka. Ba duka, ba cizo. Da an ka da mutum, wasa ya ƙare. Wanda ya sha kaye ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya koma gida ya gyara kuskurensa, baɗi ya dawo. A kokawa, kaye darasi ne. A jikin dutse, kaye ɗaya ne, ba na biyu.

Ko mahautan dā ba su saki sa haka kawai ba. Sun ɗaura masa igiya biyu, don a janye shi in abu ya ɓaci. Ba kuma kowa ke hawa ba, sai wanda ya tashi cikin sana'ar, ya san halin shanu. Su ma masu rigar fukafukai suna da ƙa'ida: ba a yarda mutum ya sa ta ba, sai ya yi dira 200 daga jirgi da laima kaɗai. Duk da igiya, duk da ƙa'ida, ana mutuwa. To, ina ga wanda ba shi da ko ɗaya?

A gida

Babu mai rigar fukafukai a duwatsun Buza. Amma halin yana nan. Ranar kai amarya, samari sukan jera babura, suna gudu, suna sakin hannu, wani ya miƙe tsaye bisa sirdi, wani ya ɗaga ƙafar gaba. Ba hular kwano, ba fili na musamman. Hanyar da suke wasan a kanta, ita ce yara da tsofaffi da dabbobi suke bi. Mai hawan ƙaho ransa kaɗai ya sa a gaba. Mai wasa da babur ya haɗa da na wasu.

A ƙasar Keita, tun daga 1984, an yi babban aikin raya karkara da taimakon Italiya. Mata da maza sun ɗauki duwatsu a ka, an gina madatsun ruwa, an shuka itatuwa. Ruwan nan albarka ne. Amma da damina yara sukan hau bakin madatsa su diro, kowa yana so a ce ya fi. Ruwan ja ne, ba a ganin ƙasansa. Inda jiya yake da zurfi, yau laka ta cika shi, ko korama ta kawo kututture. Wanda ya diro da ka a irin wannan wuri yana iya karya wuya.

Sau da yawa yaron da ya diro ba son ransa ba ne. Kalma ɗaya ce ta tura shi: "Matsoraci!" Wanda ya faɗe ta yana tsaye a tudu, jikinsa a bushe.

Saboda haka magani yana hannun ƴan kallo kamar yadda yake hannun mai wasa. In ba a tafa wa mai sakin hannu ba, in ba a ɗauki hotonsa ba, zai gaji ya bari. Iyayen biki suna iya cewa ba su son wasan babur a rakiyar ƴarsu. Manyan ƴan makaranta suna iya hana ƙannensu hawa madatsa. Yaron da ke jin ƙarfi, ga kokawa, ga langa, ga ƙwallo, ga tsere. Duk suna gwada zuciya, kuma kowa yana komawa gida ya ci tuwo.

Hausawa suna cewa iya ruwa fid da kai. Shiga ba wuya, ko dutse aka jefa zai shiga. Gwani shi ne wanda ya san inda zai tsaya, ya fito da ransa. Yaron da abokansa suka zuga, ya dube su ya ce: "A'a, ba na yi," ya fi wanda ya diro ƙarfin zuciya, don shi ya tsaya shi kaɗai gaban taro.

Tambayoyi

1. Don me mahauta suke ɗaura wa sa igiya biyu?
2. In mutum yana cin mita 44 cikin sakan ɗaya, mita nawa zai ci cikin sakan 5?
3. Mene ne bambancin mai haƙar rijiya da mai wasa da babur?
4. Wane laifi ne ƴan kallo suke da shi?