Littafi Ma Ninki Gare Shi

Makon jiya aiki ya kai ni Kafanchan, sai wani abokina malamin makaranta ya roƙe ni in raka shi wurin wani dattijo mai ɗab'i, don yana so ya buga ɗan littafin lissafi na yaran firamare. Shafi 50 ne cif. Dattijon ya jujjuya takardun, sa'an nan ya ce, "Malam, ko dai ka rage shafi biyu, ko ka ƙaro shida. Oktabo ba ya karɓar hamsin." Muka dubi juna, don ba wanda ya taɓa jin kalmar a cikinmu.

To, jama'a, ga abin da yake nufi. Maɗaba'a ba ta buga littafi shafi ɗai-ɗai. Babban fallen takarda ake shimfiɗawa a buga shafuka da yawa gaba da baya, a ninke, a ɗinke, a yanke gefuna. Daga yawan ninkin nan ne mutanen da suka raɗa wa girman littafi suna, da harshen Latin. In an ninka sau ɗaya, an sami warƙa 2, watau shafi 4, shi ne foliyo. Sau biyu, warƙa 4, shafi 8, kwarto ke nan. Sau uku kuwa, warƙa 8, shafi 16, shi ne oktabon da dattijo ya ambata. Daga nan sai ƙananan: duwodesimo mai warƙa 12, sai mai 16, da mai 32, har zuwa mai 64, wanda falle ɗaya ke ba da shafi 128, littafin kuwa bai cika tafin hannu ba. Ashe sunayen ba awo ba ne na inci ko santimita; in fallen babba ne, oktabonsa ma babba zai fito.

Wanda ke da tsohon littafi a gida ya duba gindin wasu shafukan, watakila ya ga harafi shi kaɗai, A ko B ko C. Ba kuskure ba ne. Alama ce ga mai ɗinki don kada ya sa ninki na uku gaban na biyu.

Ni a ganina ƙananan nan su ne suka yi wa talaka rana. A Benis ta ƙasar Italiya, a 1501, Aldus Manutius ya fara fitar da littattafan magabata a girman oktabo, wanda mutum zai riƙe ya yi tafiya da shi. Mu ma nan haka abin yake tun kafin zuwan inji. Malamanmu kan ninke takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake kawowa daga Italiya ta Sahara, su rubuta ƙaramin Dala'ilu a sa cikin gafaka a rataya. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka kuma shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ba da manyan kundaye aka yi yaƙin ba. Da 'yan littattafai aka yi, masu shiga aljihun riga, waɗanda 'yan kwabbai ke saye.

Kafanchan kuwa tana da rabonta cikin wannan tarihi. Da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, kayan Jos da na Kaduna da na Fatakwal sun riƙa bi ta nan, har da littattafai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma mai wa'azin da ke taka sayyada zuwa ƙauyukan Kagoro da Zonkwa da Kwoi ya fi jin daɗin ɗan littafin waƙoƙi ko Bishara guda, don ba su da nauyi, ba su da tsada.

Yau sunayen sun ɓace daga bakin masu sana'ar. Ma'aunin da Jamus ta tsara a 1922, wanda duniya ta karɓa a 1975, shi ya ci kasuwa, sai ka ji ana A4, ana A5. Fulsikaf kaɗai ya yi saura a bakin ɗalibai. Amma lissafin ninkin bai tafi ko'ina ba, nan ne kuma marubuci ke yin hasara bai sani ba. Falle uku na oktabo shafi 48 ne. Saboda shafi biyu kacal sai an ƙara rabin falle, da farantin bugu, da tawada, a kuma biya kuɗin fararen shafuka shida a kowane kwafi. Ga mai buga dubu, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma a kan iyayen yara zai ƙare.

Abokina ya zauna a kan benci, ya soke shafin godiya, ya matse teburin sau cikin shafi ɗaya. Dattijo ya sake ƙidayawa, ya sami 48, ya ce a dawo ranar Laraba.