Wa Ake Yi Wa Nuni?

Hanyar Zariya ta bi ta gefen Gyadi-Gyadi da Tarauni. Wanda ya kama ta ya miƙe kudu, tafiyar mil ɗari ko kusa da haka, zai isa Jami'ar Ahmadu Bello, inda akwai sashen koyar da zane wanda ya girmi jami'ar kanta, gama an kawo shi Zariya daga Ibadan a 1955, ita kuwa jami'ar sai a 1962 aka kafa ta. Ɗalibai da malamansu sukan baje aikinsu a ɗakin nuni, a yi lacca, a yi tafi, a watse. To, amma a tambayi maɗinkin hula na Tarauni ko kafinta na Gyadi-Gyadi ko ya taɓa jin labarin irin wannan taro. Da wuya a sami wanda zai ce i.

Laifin ba nasu ba ne. A jami'o'i an saba rubuta takardar gayyata da Turanci, bayanin da ake liƙawa ƙarƙashin zane da Turanci, mai lacca kuma ya yi da Turanci, sa'an nan a sa taron da hantsi, lokacin da kowane mai sana'a yana bakin aikinsa. Ga mai gadi a ƙofa yana tambayar mutum wurin wa ya zo. Dattijon da ya jure zama a ajin yaƙi da jahilci har ya iya karanta Hausa sarai, in ya shiga wurin sai ya koma kamar bai taɓa riƙe fensir ba. Ashe an buɗe ƙofa ke nan?

Waɗansu sukan ce ai talakawa ba su damu da zane ba. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa a Kasuwar Kurmi ya ga ana cinikin riga ba. Mai saye yakan juya ta ciki waje ya duba bayan ɗinki, ya ƙirga asake, ya san aska biyu, ya san aska takwas, ya dubi tambari ya ce hannun wane ne, ko kuwa ya ce aikin yaro ne. Mace takan ɗaga turmin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata ta gane ko baba ya kama. Ran Hawan Nasarawa kuma a saurari yadda 'yan kallo suke tsefe kayan doki ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suke da ido haka ba su ne za a ce sai an koya musu kallo ba. Masu gudun siffar mai rai kuwa, su ma ba a rasa abin nuna musu ba: ga dagi, ga zanen soro, ga allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani.

Abin mamaki, tun 1958 waɗansu ɗalibai a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turawa kaɗai ba, sai a gama da na gida. Sun yi gaskiya, sun kuwa yi suna a duniya. Amma in an ɗebo fasaha daga hannun jama'a aka kai ta ɗaki, lalle ya kamata a kirawo jama'ar su zo su ga abin da aka yi da ita. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya shirya babban nunin sana'o'in Hausawa a London. Mutanen Ingila sun sha kallon rigunan Hausa an jera su cikin daraja. Maɗinki kuwa har yau a bakin hanya yake ganin aikinsa, a wuyan wani.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, watau ɓatar da suna. Ɗalibi in ya yi zane, sunansa na nan a ƙasa. Amma riga ko sirdi ko ƙwarya, sau da yawa sai a rubuta “aikin Hausawa” kurum, sai ka ce daga ƙasa suka tsiro. An san Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, an san Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda ita wannan jami'a ta ba digirin girmamawa a 1977. Sauran dubbai fa?

Gyaran ba mai tsada ba ne. A rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, a sa sunan mai aiki da unguwarsa. A mai da lacca bayan la'asar, wata rana kuma a bar marini ko baduku ya hau kujerar malami, malamai su zauna su ji. Kano kuma tana da Jami'ar Bayero, asibitinta na koyarwa, wanda ake kira da sunan Malam Aminu Kano, yana nan a kan hanyar Zariya, maƙwabcin waɗannan unguwanni. Tun da jami'a ta iya kawo likitoci ƙofar gidan mutanen Tarauni, ɗauko 'yan zane-zane a mota a jera su kwana uku a makarantar firamare ta unguwa ba zai gagare ta ba. A sanar a masallatai da rediyo, a gaya wa masu unguwanni, sa'an nan a ƙirga waɗanda suka zo.