Zaɓen 2027: Tambayar tsaro da maƙwabtaka da Kazaure da Babura ke jiran 'yan takara su amsa

Tun kafin a buga gangar siyasar 2027 a hukumance, muhawara ta riga ta kankama a majalisun hira na Kazaure da rumfunan kasuwar Babura, har zuwa tashoshin mota na Roni da Gwiwa. Magoya bayan APC, jam'iyyar da ta ayyana goyon bayanta ga Shugaba Bola Tinubu tun watan Mayun 2025, suna cewa shi ne mai ƙarfin halin tunkarar 'yan ta'adda, kuma shi ya iya zama da manyan ƙasashen duniya. Masu goyon bayan 'yan adawa kuwa, musamman waɗanda suka dunƙule a inuwar ADC a watan Yulin 2025, suna cewa gwamnati ta ɓata da maƙwabta, ta kuma yi sake har baƙi suka fara tsoma baki a cikin gida.

Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja. Sai dai yawancin gardamar takan ƙare ne a kan wane ne jarumi, wane ne rago. Abin da ya fi taɓa rayuwar mutanen wannan yanki, wato yadda shugaban da za a zaɓa zai zauna da Jamhuriyar Nijar, shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Harkokin waje a bakin ƙofa

A Abuja ko Legas, ana ɗaukar manufofin ƙasashen waje a matsayin aikin jakadu da manyan taruka. A arewa maso yammacin Jihar Jigawa abin ya bambanta. Ƙaramar Hukumar Babura tana kan iyaka da Jihar Damagaram ta Nijar, inda auratayya da cinikayya suka girmi iyakar da Turawa suka shata. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, wadda ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindigar daji. Kazaure tana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, kuma ta cikinta layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ke ci duk ranar Alhamis a gabashin wannan mazaɓar sanata, da dabbobin Nijar take cika.

Jigawa na cikin jihohi bakwai da ke kan iyakar Najeriya da Nijar mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Tana kuma cikin jihohin Arewa da suka fi samun kwanciyar hankali. Amma a ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun kai ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa na Jihar Kano, abin da ya tunatar da kowa cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka a wannan yanki tsaro da hulɗar waje abu guda ne, kuma farashin buhun gero da kuɗin mota sukan nuna halin da suke ciki tun kafin a ji a rediyo.

Alƙawuran da aka saba ji

A zaɓen 2015, tsaro ne ya zama babban makamin APC. An sace ɗalibai mata 276 a Chibok cikin Afrilun 2014, Boko Haram ta riƙe ƙananan hukumomi da dama a Arewa maso Gabas, har aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Muhammadu Buhari ya yi yaƙin neman zaɓe a matsayin tsohon janar da zai murƙushe ƙungiyar. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a wancan lokaci sojojin Chadi ne suka ƙwato Gamboru da Dikwa, kuma rundunar Chadi da Nijar ce ta ƙwato Damasak. Buhari da kansa ya san haka, domin tafiyarsa ta farko bayan rantsuwa zuwa Yamai da N'Djamena ce, a farkon Yunin 2015. Nasarar da aka fi gani a kan Boko Haram ta zo ne lokacin da maƙwabta suka haɗa kai.

Da aka zo 2023, muhawarar ta koma ta ƙidaya. Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya taɓa riƙe Ma'aikatar Tsaro a zamanin Obasanjo, ya yi alƙawarin kai yawan sojoji miliyan ɗaya. Atiku Abubakar ya jaddada 'yan sandan jihohi da kuma buɗe iyakoki. Peter Obi ya danganta matsalar da talauci da rashin aikin yi. Kundin manufofin Tinubu ya yi maganar kafa bataliyoyi na musamman don yaƙi da ta'addanci. Tinubu da Obi da Kwankwaso duk sun je cibiyar Chatham House da ke Landan sun yi bayani. Amma batun abin da za a yi idan aka samu saɓani da maƙwabciyar da ke arewa bai samu gurbi a tsakiyar muhawarar ba. Tinubu ya lashe Jigawa da ɗan rinjaye a kan Atiku, kuma bai cika wata biyu a kan mulki ba wannan tambayar ta zo masa har gida.

Rufe iyaka sau biyu

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗani rufe iyaka sau biyu cikin shekara biyar, kowanne da sunan kare ƙasa ko kare dimokuraɗiyya.

Na farko ya fara ne a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba Hukumar Kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya jefa ƙauyukan bakin iyaka cikin wahalar mai da tsadar sufuri. Magoya bayan gwamnati sun nuna yadda noman shinkafa da masana'antun casa suka bunƙasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ta fuskar tsaro kuwa, lissafin bai fita ba. Ranar 11 ga Disamban 2020, iyakar na rufe, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Kwana biyar bayan haka gwamnati ta buɗe iyakoki huɗu, ciki har da ta Maigatari. Ɗan kasuwa mai takarda shi ne ke bi ta shingen hukuma. Mai ɗauke da makami dama can ta daji yake bi, don haka rufe ƙofa bai tare shi ba.

Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Mohamed Bazoum. ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Tinubu, ta zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli, ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, bayan sanatocin Arewa sun yi gargaɗi. 'Yan Najeriyar da suka fara samun ganawa da Tiani su ne Muhammadu Sanusi II, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. A tsakiyar wannan dambarwa ne, cikin Agustan 2023, aka rantsar da tsohon gwamnan Jigawa, Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, a matsayin Ministan Tsaro. Da an yi yaƙin, da ƙasar haihuwarsa na cikin wuraren da za su fara jin ƙarar bindiga.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Amma Bazoum bai koma kan mulki ba, kuma tabon bai warke ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES, sun kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A Disamban 2024 Tiani ya zargi Najeriya, cikin harshen Hausa, da haɗa baki da Faransa, zargin da Abuja ta musanta. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. A cikin wannan tsakani ne rundunar sojin Najeriya ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta kutsensu da raunin da sintirin haɗin gwiwa ya yi bayan juyin mulkin.

Jam'iyyu na musayar riga

Wanda ya bi tarihin zai ga cewa matsayin jam'iyyu kan Nijar yana sauyawa ne da sauyin kujera. A Janairun 2019, da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci gangamin Buhari a Kano, PDP ta kira abin katsalandan. Da aka amince da kwangilar layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta kusan Dala biliyan biyu a 2020, 'yan adawa da dama sun ce an ɗauki dukiyar Najeriya an kai wa baƙi. Shekara uku bayan haka, APC da ta shimfiɗa wannan aiki ita ce ke kan mulki aka yi barazanar kai sojoji Yamai, Atiku kuma ya zama cikin masu kiran a bi hanyar sulhu. Wannan ya isa ya sa mai zaɓe ya yi hattara da duk wanda zai gaya masa cewa jam'iyyarsa ce kaɗai masoyiyar maƙwabta, ko ita ce kaɗai mai kishin ƙasa.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar gwamnati. Magoya bayanta na cewa barin juyin mulki ya wuce ba tare da martani ba gayyatar wani juyin ne, kuma ƙasashen da sojoji suka karɓa, bayan sun sallami dakarun Faransa da na Amurka sun rungumi Rasha, ba su ga sauƙin hare-hare ba. Suna kuma nuni da ƙoƙarin gyara: ziyarar Janar Christopher Musa zuwa Yamai a Agustan 2024, lokacin yana Babban Hafsan Tsaro, da ta Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar a Afrilun 2025. 'Yan adawa na mayar da martani da cewa gwamnatin da ta janye jakadunta a Satumban 2023, ta kuma shafe sama da shekara biyu ba ta naɗa wasu ba, ita ta kwance wa kanta zani a kasuwa.

Sabon baƙo a muhawara

Wannan giɓi na jakadu ya fito fili a ƙarshen Oktoban 2025, lokacin da Shugaban Amurka Donald Trump ya sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, ya kuma yi barazanar ɗaukar matakin soja. Watan Nuwamba ya zo da sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, Badaru ya ajiye aiki a farkon Disamba, Janar Musa ya gaje shi. Ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, gwamnati ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi.

Nan ma ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin duk wanda zai taimaka a kawar da masu kashe jama'a, maraba da shi. Wasu na ganin wanda ya ba ka aron riga yana iya karɓewa a tsakiyar taro. Ga mazauna bakin iyaka akwai ƙarin damuwa: mahukuntan Yamai sun gina farin jininsu a kan korar sojojin Yamma, don haka duk wata yarjejeniyar soja tsakanin Abuja da Washington ko Paris za a karanta ta a can da idon zargi, kuma a shingen iyaka ake fara biyan kuɗin wannan zargi.

Abin da ya kamata a tambaya

Idan 'yan takara suka iso Kazaure ko Babura neman ƙuri'a, akwai tambayoyin da amsarsu za ta fi yawan bataliyoyi amfani. Shin ɗan takara zai yi alƙawarin cewa ba zai sake rufe iyaka baki ɗaya ba sai da shawarar jihohin da abin ya shafa da Majalisar Tarayya? Ta wace hanya zai dawo da sintiri da musayar bayanan sirri da Nijar, ko da sojoji ne ke mulki a can? Me zai yi da Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai hedikwata a Yamai? Yaushe jirgin ƙasa zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure zuwa Maraɗi, kuma da wace yarjejeniyar kwastam yanzu da Nijar ta fita daga ECOWAS? Mene ne matsayinsa kan sulhun da ƙananan hukumomin Katsina, irin su Jibiya da Batsari, suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025, wanda wasu ke fargabar yana tura su ne zuwa yankunan da ba a yi sulhun ba? Sannan wane sharaɗi zai gindaya wa duk wata ƙasar waje da ke son kai hari a cikin Najeriya?

Jigawa ba ta da yawan ƙuri'un Kano ko Legas, amma ƙaramar tazarar da aka samu a 2023 ta nuna babu jam'iyyar da za ta iya yi mata kallon ta gama mallaka. Wannan dama ce ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata da masarautun yankin su nemi amsa a rubuce tun kafin ranar zaɓe. A 2019 da 2023 an yanke hukunci a Abuja, su kuma suka wayi gari da shinge a kan hanyar kasuwarsu, ba tare da kowa ya ji ta bakinsu ba.