Darasin Kimiyyar Kwamfuta a Ƙarshen Sakandare: Shawara ga Iyaye da Ɗalibai

'Yan'uwa Hausawan Kamaru, duk shekara idan sakamakon jarrabawar GCE ta matakin farko ya fito, akan zauna a gidajenmu na Bamenda da Kumba da New Bell ta Duwala da Briqueterie ta Yawunde a yanke wa yaro hukunci: ko ya ci gaba da shekaru biyun ƙarshe na sakandare, ko ya bi mahaifinsa kasuwa. Wanda aka bari ya ci gaba kuma sai ya tsaya zaɓen darussa, domin hukumar jarrabawa da ke Buea ba ta yarda ɗalibi ya zauna wa fiye da darussa 5 a babban mataki ba. Ra'ayina shi ne, duk yaron da Allah Ya ba shi kan lissafi, namiji ko mace, ya sanya kimiyyar kwamfuta cikin zaɓinsa, mu kuma iyaye mu tsaya masa.

Sai dai a san abin da ake zaɓa. Hukumar tana da darussa biyu masu kama da juna. Ɗaya fasahar sadarwa ce, wadda ta fi karkata ga amfani da na'ura wajen ayyukan ofis da na kasuwanci. Ɗayan kuwa kimiyyar kwamfuta, inda ɗalibi yake koyon yadda na'urar ke ƙirga da sifiri da ɗaya, da yadda ake tsara bayanai, da yadda ake rubuta manhaja da harsuna irin su C da Pascal, har a gwada shi a aikace gaban na'ura ranar jarrabawa. A ɓangaren Faransanci ma akwai sashen TI na bakaloriya mai bin wannan hanya. Yaron da ya shiga don kawai ya ƙware a danna waya, ya yi wa rogo kallon kitse, kuma tun zangon farko zai gane haka.

Zuciyar darasin ita ce algoridim, wato jera matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya ba tare da an bar giɓi ba. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ɗauki littafin bashi na mai shago mai sunaye 1,000. In sunayen a warwatse suke, mai nema yana iya karanta su duka kafin ya dace. In an jera su bisa haruffa, sai ya buɗe tsakiya, ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya sake raba sauran biyu. Kafin ya wuce dubawa 10 ya sami wanda yake nema. Irin wannan tunani ake koyarwa, kuma ɗan da ya tashi a gidan fatauci ba baƙonsa ba ne.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja. Kwamfuta tana da tsada, wutar lantarki ba ta da tabbas, wasu makarantun kuma na'urorinsu ba su isa ɗalibai ba. Ga shi shagon uba yana bukatar hannu yau, amfanin karatu kuwa sai an jima. Amma rabin aikin da biro da takarda ake yin sa, domin algoridim a kan takarda ake fara tsara shi. Tsohuwar kwamfuta ta hannu guda tana isar yara uku ko huɗu na unguwa ɗaya, kuma ƙungiyoyinmu da ke haɗa kuɗin biki da na jana'iza ba za su gaza sayen ta ba. Mu tuna da Nji Collins Gbah, ɗalibin sakandare a Bamenda mai shekara 17, wanda a farkon 2017 ya zama ɗan Afirka na farko cikin manyan zakarun gasar Google Code-in. Sakamakon ya fito ne garinsa ba intanet, domin an yanke ta a yankunan masu magana da Ingilishi tun watan Janairu, ba a maido ta ba sai Afrilu.

Batun kasuwa kuwa, ita kanta ta koma cikin waya. Dillalin shanu da mai sayar da goro da atamfa duk da MTN MoMo da Orange Money suke karɓar kuɗi, a kan manhajojin da wasu suka rubuta. In babu namu cikin masu rubutawar, ba wanda zai damu ko manhaja tana magana da Hausa, ko tana iya fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai.

Gargaɗi ɗaya ga ɗalibi: kada ka ɗauki kwamfuta ka saki lissafi da fizika. Jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi ta Polytechnique a Yawunde da tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Buea a kan su biyun ta dogara. Iyaye kuma kafin a biya kuɗin makaranta, a je a tambaya: akwai malamin darasin, kuma ɗakin kwamfutar yana aiki? In amsar ba ta gamsar ba, a nemi wata makarantar tun shekara ba ta yi nisa ba.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.